Tambaya da Amsa: Shirya Bikin Zagayowar Ranar Haihuwar Yara Ƙanana

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru a kan abu guda, wato bikin da yara ke kira bazde. Masu amsawa su uku ne: mai sana'ar kek da girkin biki, malamar ajin nazare, da ma'aikaciyar jinya a sashen yara.

Ɗana zai cika shekara 1 wata mai zuwa. Ni ina son a kafa rumfa a kira mai kiɗa, maigidan kuma ya ce almubazzaranci ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata uwa, Zariya.

'Yar'uwa, a wannan karon maigidan ya fi ki kusa da gaskiya. Yaron shekara 1 bai san ana yi ba. Abin da ya sani shi ne an hana shi barcin rana, an sa masa kaya masu ƙaiƙayi, baƙin fuskoki suna ta karɓarsa hannu zuwa hannu, ga lasifika a kansa. Shi ya sa a yawancin hotunan cika shekara ɗaya za ki ga mai bikin yana tsala kuka. Ki tara 'yan gida da maƙwabta na kusa, awa ɗaya ta isa, a fara bayan ya tashi daga barci ya ci ya ƙoshi. A ɗauki hoto a minti goma na farko tun kayansa ba su ɓaci ba. Kada a ba shi zuma ko abin da aka haɗa da ita idan bai cika wata 12 cif ba, haka sauran jariran da aka zo da su.

Daga shekara 3 ne yaro ke fara gane cewa ranar tasa ce. Mai shekara 3 zuwa 4 awa ɗaya da rabi ta ishe shi, da abokai biyar ko shida. Mai 5 zuwa 7 zai iya awa biyu da 'yan ajinsu. Lokacin da ya fi dacewa a garuruwanmu shi ne bayan La'asar zuwa kafin Magariba, rana ta yi sanyi kuma kowace uwa tana son ɗanta a gida kafin kiran salla. A duba ranar ma, domin yawancin Islamiyyu Alhamis da Juma'a suke hutu. Wanda ya sa biki ranar Litinin da yamma, rabin waɗanda ya gayyata suna makaranta.

Na gayyaci yara 30. Shinkafa nawa zan dafa, kuma me ya sa a bikin da ya wuce ta yi tsami tun ba a tashi ba? Daga wata uwa, unguwar Hotoro, Kano.

Hajiya, fara da gyara lissafin. Idan kin gayyaci 30, ki shirya wa 40. Kowane yaro zai zo da ƙaninsa ko yayarsa mai riƙe masa hannu, ga 'yan gayyar soɗi na layi da ba za ki iya kora ba, kuma bai ma kamata ki kora ba. Sannan ki ƙidaya manya kamar 15, iyaye da masu taya aiki.

Yaron da bai kai shekara 7 ba, giram 50 zuwa 60 na ɗanyar shinkafa ya ishe shi, ballantana ga kek da cincin a gabansa. Babba giram 100. Yara 40 ke nan kilo biyu da ɗan ɗoriya, manya kilo ɗaya da rabi, jimla kilo 4. Mun ba ki a kilo ne saboda mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba. Ki auna mudunki a sikelin mai kanti sau ɗaya, daga nan kin huta. Kaza ɗaya a yanka ta gida 10 zuwa 12, kaji 4 na yara, 2 na manya. Na ƙananan a zare ƙashi gaba ɗaya. Abin sha, kowane yaro kofi biyu, rabin lita ke nan, wato lita 20 ga yara 40, rabi ruwa rabi zoɓo. Ledar fiya wata ɗaya ƙulli 20 ce na rabin lita, saboda haka leda uku za ta wadatar har da manya.

Batun tsami kuwa, dalilinsa sananne ne. An dafa da hantsi, an zuba a robobi da zafinta an rufe, tururi ya koma ruwa ya kwanta a ciki, sannan aka jibge robobin a buhu har yamma. Ba ta da zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta, ba ta da sanyin da zai hana su yaɗuwa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. A Kano a watan Afrilu an wuce wannan nesa ba kusa ba. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, idan ta samu ɗumi sai ta fitar da dafin da ke sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Soyayyar shinkafa mai hanta da koren wake da karas ta fi saurin lalacewa. Dafa-duka da aka soya tumatirinta sosai har mai ya taso ta fi haƙuri.

Abin yi: a sauke tukunya da misalin ƙarfe 3, a ɗauraye kula da tafasasshen ruwa ta ɗau zafi, a juye a rufe, kada a yi ta buɗewa. A zuba a faranti lokacin ci kawai. Salak mai mayonis a bar shi a firji ko kan ƙanƙara, kuma kada a ɗora shi kan shinkafa mai zafi a roba ɗaya. Gaskiya ma yara ture shi suke yi, na manya ne. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jure zafi, cikin 'yan awoyi zai fara tsami gorar ta kumbura. Idan ba ki da tabbacin wuta, ki tsaya a zoɓo, ki rage citta da kanumfari domin bakin yara. Ƙanƙarar da aka saya a waje a jera gorunan a cikinta, kada a fasa ta a cikin abin sha, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Kek ɗin da na saya wa 'yata ya narke kafin a yanka, kwalliyar ta zame gefe guda. Bana ina so in yi da kaina amma ba ni da obin. Daga wata uwa, Sakkwato.

Laifin ba lallai na mai kek ba ne. Bata ta gaskiya, wato ta madarar shanu, tana narkewa daga wajen digiri 32 zuwa 35, Sakkwato kuwa a bazara tana haura 40. Kek mai kwalliyar kirim ɗin bata da aka ajiye a tebur ƙarƙashin rumfa tun farkon biki ba zai kai lokacin yanka ba. Kirim ɗin madara da ake bugawa ya fi wannan rauni, shi ba ya rabuwa da firji. Fondan, wato farin lulluɓin sukarin da ake murzawa a shimfiɗa, ya fi jure zafi, amma da damina yana jan laima ya yi gumi ya yi danƙo, musamman idan an fito da shi daga firji kai tsaye. Ko wane iri ne, a bar shi a ɗakin da ya fi sanyi, a fito da shi minti biyar kafin yanka. Wajen ɗauko shi kuma a ajiye kwalin a ƙasan mota inda yake a shimfiɗe. A cinya ko kan kujera yana karkacewa, kowane rami aka faɗa sai ya ƙara zamewa.

Ga ma'aunin da ba ya ba da kunya, na gwangwani mai faɗin inci 8: bata giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5 matsakaita, bekin fauda ƙaramin cokali 2 a shafe ba a tula ba, madara babban cokali 3, da ɗan filebo. Wannan zai ba ki yanka 20 na yara. Batar awo da ake sayarwa a kasuwa, irin su Simas, majarin ce, wato ta man tsirrai, kuma ta yi daidai da wannan aikin, har ta fi bata ta gaskiya jure zafinmu.

Ki buga bata da sukari har su yi fari su yi sauƙi. Da muciya ko ludayin katako zai ɗauke ki minti 15 zuwa 20, kuma a nan ne taushin kek yake, kada ki yi ha'inci. Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya, kina bugawa bayan kowanne. Ƙwan da ya fito daga firji da sanyinsa yana sa kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji, saboda haka a fito da shi tun da wuri. Idan ya fara tsinkewa, ki barbaɗa cokali ɗaya na fulawa ki ci gaba. Sai ki tankaɗe fulawa da bekin fauda tare, ki zuba kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya. Bugu bayan fulawa ta shiga shi ke sa kek ya yi tauri. Ki shafe gwangwani da bata, ki shimfiɗa takarda a ƙasansa, kada kwaɓin ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa.

Gashi ba obin: ki samu babbar tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsu biyu, ki rufe ki ɗora a wuta minti 15 ta ɗau zafi. Ki ajiye ƙaramin ƙarfen ɗora tukunya ko murafun gwangwani a kan yashin domin kada gindin kek ya zauna kai tsaye, ki sa kek ɗin, ki rufe, ki rage wuta sosai. Idan gawayi ne, ki ɗebi 'yan garwashi ki jera a kan murfin domin sama ta gasu. Kada ki buɗe kafin minti 30. Daga minti 45 ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya yi. Mai obin ta sa a digiri 170 zuwa 180, minti 45 zuwa 55.

Idan tsakiya ta lotsa, ɗaya cikin uku ne: an buɗe da wuri, ko bekin fauda ya yi yawa ya tashi ya faɗi, ko an sauke bai gasu ba. Idan ƙasa ta ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa ko yashi ya yi kaɗan. Idan bai tashi ba sam, bekin faudar ta kwana biyu a buɗe. Ki gwada ta tun kafin ki fara: rabin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ki sayi sabuwa.

Ki gasa ana gobe biki, ya huce sarai, ki naɗe a leda. Kirim ɗin kwalliya: bata giram 250, garin sukarin aisin giram 500 tankaɗaɗɗe, madara cokali ɗaya ko biyu. Kek mai sauran ɗumi ko kaɗan ne zai narkar da shi.

Shawararmu ta gaskiya dai, ga yara 30 ko 40, ki yi ƙaramin kek ɗaya na hoto da yanka, sannan ki yi kwaɓi biyu na ƙananan kek na kofin takarda. Kowane kwaɓi yana ba da kamar 20, suna gasuwa cikin minti 20. Ba wuƙa, ba faranti, ba rigimar na wane ya fi nawa girma.

Ina so in yi wa tagwayena hayar gidan tsallen nan da ake hura wa iska, da balan-balan masu tashi sama. Akwai abin lura? Daga wani uba, Kaduna.

Akwai, Malam, kuma ba kaɗan ba. Gidan tsalle injin hura iska ne ke riƙe da shi, dole ya yi ta aiki ba tsayawa. Aka ɗauke wuta, nan da nan zai fara lanƙwashewa a kan yaran da ke ciki. Saboda haka a ɗora shi a janareto tun farko, a cika mai, janareton kuma a waje, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa da inda yara suke, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. A ɗaure shi a ƙasa ta kowace kusurwar da aka tanada, da turaku in ƙasa ce, da buhunan yashi masu nauyi in siminti ne. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce ba a amfani da shi idan gudun iska ya kai kilomita 38 a awa. Ba ka da abin aunawa, to ka dubi bishiya: in ƙananan rassa suna kaɗawa da ƙarfi, ko hadari ya haɗo, a fito da kowa a sace iskar. Guguwar farkon damina ba ta sallama.

Raunin da ake samu ba daga faɗowa kaɗai yake ba, har da karo, ɗan shekara 9 ya dira a kan ɗan shekara 3. A raba su rukuni-rukuni bisa girma, minti biyar-biyar, ba takalmi, ba abinci a baki, ba tsinken alawa a hannu. A sa babba ɗaya a bakin ƙofar wanda ba shi da wani aiki sai wannan, kuma ba mai danna waya ba. A taɓa ledar da tafin hannu kafin su shiga, in ta sha rana tana ƙona ƙafa. In ba za a iya cika waɗannan ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Balan-balan kuwa, wanda ya fashe ko wanda ba a hura ba shi ne haɗarin. Yaro yana tsotsar guntun sai ya zarce maƙogwaro ya manne ya toshe numfashi. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a ledarsa game da yara 'yan ƙasa da shekara 8. Babba ne zai hura, da famfo, a rataye sama, duk wanda ya fashe a tsince guntayen nan take. Kada a cika shi tam, zafi yana ƙara kumbura shi ya fashe. Masu tashi sama, ka tambayi mai sayarwa wace iska ce. Hiliyom ba ta kamawa da wuta. Wasu kuma suna haɗa tasu iskar mai arha da soda da gwangwanin alminiyom, ita wannan haidurojin ce, kyandir ɗaya ya ishe ta ta tashi da wuta a fuskar yaro. In bai iya ba ka amsa ba, ka bar masa kayansa.

Tunda an zo kan wuta: kyandir mai tartsatsi da ake sokawa a kek ba na yara ba ne. Wajen hure kyandir na yau da kullum ma a ja wa yarinya mayafi da gashi baya. In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja.

Wane abin taɓawa ne bai kamata a ba ƙanana ba? Daga wata mai reno, Maraɗi.

Ga 'yan ƙasa da shekara 5: gyaɗa, aya, gugguru, alawa mai tauri, cingam, dabino da ƙwallonsa, da inabi guda. Inabi a tsaga shi gida huɗu ta tsawo. A ba su fanke, ayaba, kankana da aka cire wa 'ya'ya, cincin mai taushi, dafaffen ƙwai a yanka. Su ci a zaune a tabarma, ba a guje ba. Tun wajen gayyata a tambayi iyaye ko akwai wanda gyaɗa ko ƙwai ko madara ba sa karɓarsa.

Idan yaro ya shaƙe yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan ya yi shiru, ba kuka ba numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, mai shekara 1 zuwa sama a tsaya ta bayansa a dunƙule hannu a saman cibiya a ja ciki da sama sau 5. Jariri kuwa ba a matsa masa ciki, ƙirji ake dannawa da yatsu biyu sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya tayar da mota zuwa asibiti. Kada a ɗura ruwa, kada a zura yatsa ana lalube.

Duk wasan da na shirya sai ya ƙare da kuka. Daga wata goggo, Bauchi.

Goggo, muna kyautata zaton wasan kujeru ne, wanda ake cire mutum ɗaya duk zagaye. Ɗan shekara 3 ko 4 bai san wasa ba ne, shi dai an kore shi a gaban mutane. Wasan cirewa sai daga shekara 6. Ƙanana a ba su wanda kowa ke ciki har ƙarshe: a yi rawa in an tsayar da kiɗa kowa ya daskare, a bi kumfar sabulu, a kwaikwayi tafiyar raƙumi da tsallen kwaɗo, 'yan mata su yi gaɗa. Kowane wasa minti 5 zuwa 10, a bar shi tun suna so. Ki shirya shida, wataƙila huɗu za ki yi.

Tsarin awa biyu da ke tafiya lafiya: rabin awar farko takarda da fensir mai launi a tabarma, saboda ba lokaci ɗaya za su iso ba. Sai wasan guje-guje, sai wanke hannu da abinci, sai kek. Daga nan a zaunar da su a nemo tsohuwar da ta iya tatsuniya. Da ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku”, za ki ga masu tsalle sun nutsu, kuma a haka iyaye za su zo su same su. Kyautar da aka kawo wa mai biki a ajiye sai an watse, buɗe ta a gaban yara rigima ce. In za a yi wa 'yan mata ƙunshi, jan lalle kawai. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana sa wa wasu fata ta kumbura ta yi ƙuraje.

Mahaifiyata ta ce wannan ba al'adarmu ba ce, ba za ta zo ba. Daga wani uba, Gusau.

Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun hana, wasu sun ce al'ada ce da ba laifi muddin ba a haɗa ta da abin da shari'a ta hana ba. Hukuncin sai ka tambayi malamin da ka amince da shi. Amma ɓacin ran Hajiya ya fi kek nauyi. Gidaje da yawa suna dafa abinci a raba wa maƙwabta da almajirai, a kai jikan ta sa masa albarka, yara su ci kek a tsakar gida ba kiɗa ba kyandir. Ka je ka same ta da wannan, ka ji abin da za ta ce.

Me zan sa a ledar tsarabar da ake ba yara, ba tare da na karya jari ba? Daga wata uwa, Katsina.

Abu uku ya isa: na ci, na rubutu, na wasa. Misali biskit ko cincin, fensir da ƙaramin littafi, da ƙwallon roba wadda ta fi ƙarfin baki. A saya a katan ko dozin wurin 'yan sari, irin Kasuwar Singa ga wanda ke kusa da Kano, ba ɗai-ɗai a kantin unguwa ba. A juya kowane kwali a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin kayan da aka karyar wa farashi sau da yawa kwanansu ya ƙare ko ya kusa. A guji usur mai ɗan ƙwallo a ciki, da kayan wasa masu walƙiya da ke ɗauke da ɗan batirin nan mai kamar maɓalli. Murfinsu ba ya da ƙwari, kuma in yaro ya haɗiye batirin yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2, abin asibiti ne nan take.

Duk ledojin su zama iri ɗaya, ba ta ɗan wane ba ta ɗan wance, kuma a yi rarar 10. A ajiye su a ɗaki a kulle, a miƙa wa kowane yaro tasa a bakin ƙofa lokacin da wanda zai tafi da shi ya iso. Ta haka za ki san wanda ya fita da wanda ya tafi da shi, in leda ta rage kuma ki duba ko rara ce ko akwai yaron da ke bayan gida har yanzu.